ZANCEN ZUCI: ABIN DA SAURAYI KE GAYA MA KANSHI RANAR WAHALA



A wannan wata ina so mu yi hira bisa zancen zuci. Kowa ya san shi. Shi ne maganar da mutum ke yi da kanshi in dare ya raba, gari ya yi tsit, shi kuwa barci ya ƙi zuwa. Ko in yana duƙe cikin gona shi kaɗai, hannu na noma, zuciya na tata sana'a. Ba mai jin wannan magana sai mai ita da Allahn da ya halicce shi. Amma na lura sau da yawa ita ke tada saurayi in ya faɗi, ita kuma ke danne shi ƙasa ya kasa tashi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A cibiyarmu ta yaƙi da jahilci, cikin wani ƙauye na ƙasar Tasawa, muna buɗe karatu bayan an gama zuba damma cikin rumbu, mu ruhe in ruwan shibka ya sauka. Wani rani sai ga wani saurayi ya shigo mamu, shekarunshi ba su wuce 24 ba. Kullum can baya yake zama, inda hasken hitila ba ya kai sosai. Duk gari an san labarinshi. Hatsinsu bai yi ba a wannan shekara, sai ya saida tumakin uwarshi guda 2, ya ranci jikka 40 wajen wani ɗan kasuwa, ya bi hanyar Agadas da Arlit har ya shiga Aljeriya. Ya yi wata 5 yana ɗaukar siminti wajen magina a Tamanrasat. Rana guda aka yi kame. Kuɗin da ya tara da salularshi duk suka salwanta, aka zuba su cikin kamiyo aka kawo su Asamaka. Ya iso gida da rigar da ke wuyanshi. An ce ya yi sati 3 bai leƙa dandali ba, ko sallar Juma'a a sahun ƙarshe yake yi, liman na sallamewa ya sulale.

Yaron yana da kai. Cikin wata 2 ya iya haɗa baƙaƙe. Wani dare na ce kowa ya rubuta magana guda bisa kanshi a allo. Wani ya rubuta shi manomi ne, wani ya rubuta yana da ɗiya 3. Da na zo kan wannan saurayi na haska allonshi, sai na ga ya rubuta: "ni banza ne". Ba kuskure ko guda cikin rubutun. Bisa ƙa'idar aikina kamata ya yi in ce mashi madalla. Bakina ya kasa faɗi. Mutum ya yi shekara ashirin da wani abu bai iya rubutu ba, ranar da ya iya, abin da ya fara rubutawa a kan kanshi zagi ne.

Da aka tashi na tsaida shi. Na san kamiyo guda ta kawo su da wani abokinshi na ƙauyen da ke gabas da mu. Na ce: "Ƙanena, ka je ka gaida abokin nan naka?" Ya ce: "Na je, malam." Na ce: "Mi ka ce mashi?" Ya ce: "Na ce mashi sannu da wahala, barka da arziki, tunda an komo da rai ai da sauran rabo. Dukiya abin nema ce." Na ce: "To, kai fa? Wa ya hana ka gaya ma kanka haka?" Ya yi shiru yana tona ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. Can ya ce: "Malam, shi ai ƙaddara ce ta same shi. Ni kuwa wauta ce."

Kamiyo guda, hanya guda, asara iri guda. Abokinshi ya samu ƙaddara, shi ya ɗauki wauta. Kun ga yadda zuciya ke shari'a in ba a tsawata mata ba.

MUNA DA JAJE, AMMA NA WAJE NE

Mu Hausawa ba a bar mu baya ba wajen iya jaje. In gobara ta ci gidan mutum, ko ɓarawo ya kore mashi shanu, kamin rana ta faɗi zaure ya cika. Sannu muna da ita iri-iri: ta mai ciwo, ta mai aiki, ta mai hanya, ta mai haƙuri. Ko tuntuɓe baƙo ya yi gabanka sai ka ce mashi sannu. Amma ban taɓa jin an koya ma yaro ya ce ma kanshi sannu ba.

Abin da aka koya mamu shi ne dauriya. Tun ranar kaciya ake gaya ma yaro namiji ba ya kuka. Yarinya kuma ana gaya mata ranar haihuwar fari kada a ji muryarta. Ba na kushe dauriya. Da ita iyayenmu suka ƙetare yunwar 1984, wadda suke kira El-Buhari saboda ta haɗu da ruhe iyakar Najeriya, ga fari ga ba hanyar sayo abinci. Da ita muka ƙetare ta 2005. Sai dai dauriya daban, zagin kai daban. Mai dauriya yana cewa: abin da zahi, amma ina iyawa. Mai zagin kai cewa yake: abin da zahi, kuma ni na cancanci haka.

In ka bi sawun zagin da saurayi ke yi ma kanshi, sau da yawa za ka tarar ba shi ya ƙago shi ba. A tsakar gida ya ji shi. "Dubi ɗan wane ya aiko an yi ruhin tol, kai kana nan kana cinye tuwo." "Malalaci." "Ba ka da zuciya." Uban da ya faɗi haka ya manta tun kamin ya gama alwala. Yaron kuwa ya haɗiye maganar, ta zauna mashi a ciki, shekara da shekaru tana maimaita kanta, har ya ɗauka muryarshi ce.

Ni ma na san wannan murya. A 2005 ina aji na ƙarshe a lakwal. Fara ta zo a 2004, ruwa kuma ya ɗauke da wuri, rumbunmu ya ƙare tun kamin bazara. Da sahe in tahi neman ganye da innata, in iso aji ciki na kuka. Na faɗi jarrabawa, ban shiga kwalej ba. Wani babba da nake jin nauyinshi ya ce mani gaban mutane kaina na jaki ne. Wallahi shekara wajen 8 ina ɗauke da jakin nan. Ko takarda aka miƙo mani in karanta ma wani sai in ce idona na ciwo. Sai da na girma na zauna na yi lissahi, na gane yaro mai shekara 13 da bai karya kumallo ba, ba a auna kanshi da jarrabawa guda. Da na gane haka tun da wuri, da ban yi asarar waɗannan shekaru ba.

Kada ku ɗauka abin ya tsaya a ɓacin rai kawai. Saurayin da ya yanke ma kanshi hukuncin banza, abu uku nake gani suna bin shi. Ko ya ɓuya a ɗaki, damina ta zo ta tarar bai yi sassabe ba. Ko ya kama shan tramol don muryar ta yi shiru, ya fara da ƙwaya guda ya kai ga tahin hannu, har wata rana ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, don maganin yana jawo haka in an zarce. Ko kuwa, kuma wannan ya hi ba ni tsoro, ya sake cin wani bashi ya koma hamada ba shiri, ba don ya ga wata hanya sabuwa ba, sai don kunyar idon mutane. Hanyar nan kuwa ba ta wasa. Ba wanda ya manta mutum 92, yawancinsu mata da yara, da yawa daga ƙasar Kance, da ƙishirwa ta kashe kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoba na 2013.

LISSAHI GIDA BIYU

Kashegari na ce ma saurayin nan ya zo da wuri. Na ja layi tsakiyar allo, kamar yadda muke koya ma sakataren koperatib ya raba shiga da hita. Na ce gehe guda mu rubuta abin da ba ya hannunka, gehe guda abin da ke hannunka.

Gehen farko ya cika nan da nan. Ruwan da ya ɗauke hatsi na cikin bununi, ba shi ya ɗauke shi ba. Kamen da aka yi, ba shi kaɗai aka kama ba: a 2024 kawai, masu ƙidaya a Asamaka sun lissafa mutum sama da dubu 30 da aka koro daga Aljeriya, ƴan Nijar da ƴan waɗansu ƙasashe, waɗansu ma a daji ake sauke su su taka wajen kilomita 15 da ƙafa. Na tambaye shi ko duk dubu 30 ɗin nan banza ne. Ya ce a'a. Sannan hanyar kudu da samarinmu suka saba bi cin rani ta sha ruhewa: daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga tsakiyar 2023 zuwa Maris 2024. Wannan ma ba shawararshi aka nema ba.

Da muka zo gehe na biyu ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce abu 2. Na ɗaya, tumakin nan bai shawarci uwarshi ba kamin ya kai su kasuwa, ranar da ta tahi biki ya kore su. Na biyu, kuɗin da ya samu ya riƙe su duka a jikinshi wata da watanni, yana so ya shigo gari da su a dunƙule a ce wane ya dawo, alhali abokan aikinshi suna aikowa gida kaɗan-kaɗan. Muka rubuta su. Ban ce mashi ba komai ba ne, don komai ne. Amma da ya dubi allon sai ya ga laihinshi layi 2 ne, kuma kowane yana da magani: na farko a roƙi gafara a biya, na biyu a kiyaye gaba. Kalmar "banza" kuwa ba ta da magani. Wanda ya ce shi banza ne ya ruhe shari'a, ba sauran abin da zai gyara.

Wani dattijo da ke zuwa sauraren karatu, ko da yake ya ce shi ya tsufa da riƙon alli, ya ji wannan magana bai ji daɗinta ba. Ya ce: "Malam, za ka lalata mamu yara. Yaro in bai ji zahin kanshi ba, yaushe zai yi zuciya?" Maganarshi abin dubawa ce, don ni ma na san samarin da ke fakewa da ƙaddara suna kwance gindin bedi ana shan shayi tun hantsi har la'asar. Na ce: "Baba, in san huɗa ya durƙushe tsakiyar gona, wanda ya dinga zabga mashi bulala da wanda ya kwance mashi karkiya ya ba shi ruwa ya duba ƙafarshi, wa zai gama huɗa?" Ya yi dariya ya ce ai sa ba ya da wayon ɗan Adam. Ba mu rabu a kan magana guda ba, amma ya ci gaba da zuwa.

Masu bincike a ƙasashen waje ma sun auna wannan tambaya ta dattijo. Wata malama a jami'ar Tekzas ta Amurka, Kiristin Nef, tun 2003 take rubutu bisa tausaya ma kai. A wajenta abin ya haɗa yi ma kai magana mai taushi, da tuna cewa wahala ba a kanka aka fara ba, da duban ɓacin rai yadda yake, ba ƙari ba ragi. A 2012 kuma, a jami'ar Kaliforniya, an ba ɗalibai jarrabawar kalmomi mai wuya da gangan don su faɗi. Waɗanda aka gaya ma kada su tsananta ma kansu, kowa na shan wuyar irin wannan jarrabawa, su ne suka hi daɗewa suna bita kamin a sake gwada su. Ashe tausayin bai sa su kwanta ba.

Akwai wata dabara kuma da na ga tsohinmu suna yi ba tare da sun sa mata suna ba. Kakata in abu ya dame ta sai in ji tana kiran sunanta da kanta: "Ke wance, tashi, zama bai kai ki ko'ina." Muna yara muna yi mata dariya. To, a 2014 wani malami a jami'ar Mishigan, Itan Kuros, da abokan aikinshi sun ba matasa minti 5 kacal su shirya jawabi gaban alƙalai. Rabi aka ce su yi zancen zuci da "ni", rabi su kira kansu da sunansu. Masu kiran suna sun hi yin jawabi mai kyau, kuma bayan an gama ba su zauna suna cin kansu da kunya kamar sauran ba. Dalilin a hili yake. In ka kira kanka da suna, ka zama kamar mai yi ma wani magana, kuma mun riga mun ga bakinmu ya hi iya gaskiya da ladabi in da wani yake.

Ku dubi ƴan kokowa. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ɗauka, mutum guda ne ke komawa gida da takobi. Ƴan kokowa 80 ke shiga hili, goma-goma daga jihohi 8, saura 79 duk sai sun sha ƙasa ko an hidda su. Da kowane ya koma gida ya ce shi banza ne, da baɗi ba a samu masu shiga ba. Amma sai ka gan shi ya dawo yana kirari, yana kiran sunan kanshi da ƙarhi kamar yana yi ma wani gwarzo kirari.

ƳAN MATA DA ƘANANAN IYAYE

Ban so a ce maganar ta samari ce kaɗai. Malamar da ke karantar da mata a cibiyarmu ta ce nasu zancen zucin ya hi namu nauyi, don su ko dandalin da za su zauna su rage ba su da shi. Ta ba ni labarin wata yarinya mai shekara 19, ɗanta na fari ya kama zawo da masassara cikin damina, ya rame. An auna dantsenshi da igiyar awo, ta nuna ja, wato tamowa ta yi tsanani. Aka ce ta kai shi gidan likita. Ta yi kwana 6 ba ta je ba. Ba nisa ya hana ta ba, ba kuma kuɗin mota ba. Cewa take a ranta ita ce ba ta iya reno ba, nononta ne ba shi da kyau, in ta je za a gane, uwar miji kuma ta samu abin faɗi. Tana goye da yaron cikin zane tana ɓoye shi.

Malama ta zaunar da ita ta ce: "Ɗiyata, in ƙanwarki ce ɗanta ya yi haka, cewa za ki yi ta ɓoye shi?" Ta ce: "A'a, inna, da ni zan raka ta." Ta ce: "To, raka kanki." Suka tahi tare. A can ta tarar da mata cike da rumfa, kowace da nata a hannu, don lokacin da rumbu ya yi ƙasa sauro kuma ya yi yawa, haka gidajen likita ke cika kowace shekara. Yaron ya tashi. Amma ma'aikaciyar da ta karɓe su ta ce kwanakin nan 6 sun kusa yin ɓarna.

Na tambayi limaminmu ko akwai saɓo cikin mutum ya tausaya ma kanshi. Ya ce abin da malamai suka hana shi ne yanke ƙauna daga rahamar Allah, kuma tuba ma ba ta yiwuwa ga wanda ya riga ya yanke cewa shi ba mai gyaruwa ba ne. Ya ƙara da cewa ran mutum amana ce a hannunshi, kamar yadda ran maƙwabcinshi yake.

Abu guda nake roƙon iyaye da abokai. In kun ga yaro ya bar cin abinci, barci ya ƙaurace mashi sati da sati, ya daina wanka, ko ya fara cewa gara ya mutu kowa ya huta, wannan ya wuce abin da zancen zuci zai gyara. Ciwo ne kamar kowane ciwo. Kada a bar shi shi kaɗai, kada a tsaya ana cewa iskoki ne ko iskanci ne. A yi addu'a, a kuma kai shi gidan likita a gaya ma ma'aikaci gaskiyar abin da ake gani.

Shi kuwa saurayin namu, sati guda bayan lissahin allo ya sami uwarshi da dare ya durƙusa. Ta ce ita tumaki ba su dame ta kamar shirun da ya yi mata ba, tana ganin ɗanta a gida kamar baƙo. Sauran ranin ya kama aikin ban ruwa a garkar wani mutum cikin fadama, ana biyan shi kowace ranar kasuwa. Ɗan kasuwar da ke bin shi jikka 40 ya yarda a biya shi kashi-kashi, ko da yake sai da aka kai maganar gaban mai gari. Ban ce muku ya warke sarai ba. Akwai daren da ba ya zuwa karatu, in na tambaya a ce yana ɗaki. Kuma har yanzu yana cewa wata rana zai sake tahiya, sai dai wannan karo da sanin uwarshi, kuma duk abin da ya samu zai dinga aikowa.

Kamin mu ruhe cibiya a wannan shekara ya zo mani da wata ƴar takarda ya ce in duba mashi ko akwai kuskure. Lissahin bashinshi ne ya rubuta da hannunshi: an biya jikka 25, saura 15. A ƙasa ya sa: tunkiyar inna, an maida guda, saura guda. Na gyara mashi baƙi ɗaya, ya manta ƙugiyar ɗ cikin "kuɗi".